Kifin Abba a Cikin Randa

Jiya wata yarinya ta shigo ɗakin rainon da nake aiki a Faskari, takardar malanta a leda, waya a hannu. Ta dubi yara talatin da ɗaya a baje kan tabarma, ta ce da ni, "Anti Binta, ai aikin ga ba wuya. Waƙa ce da yankan takarda." Ban tanka mata ba, don a lokacin ina fama da wani yaro da ya cusa gujiya a hanci. Amma maganar ta ƙona mini rai, kuma har yanzu ban huce ba. To yau hannuna ya sauka, zan ba ta amsa, ita da ire-irenta da ke zuwar mana duk shekara suna tsammanin raino wani hutu ne da ake biyan mutum ya yi.

Shekarata ashirin da huɗu a wannan aiki, kuma ba a aji na koye shi ba. A hannun wata mata na koya, Mama Laraba. Asalinta Bamagujiya ce daga wata unguwa a bayan Pauwa. Iyayenta sun shiga addinin Kirista tun tana goye, ita kuma ta tashi tana rainon 'ya'yan ma'aikata a wani ɗakin shan magani na mishan, daga baya ta dawo Faskari. Ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Ranar da na fara zuwa daga Sabuwa, ina ji da kaina na gama sakandare, sai ta miƙo mini fo guda shida da soso, ta nuna mini bayan ɗaki. Wata uku na yi ina wankin fo da kunzugu kafin ta bari na taɓa almakashi. Gunagunin da na yi a lokacin Allah kaɗai ya san yawansa. Daga baya na gane abin da take nufi da ni. A wurin wankin nan ne mutum ke sanin wane yaro ne cikinsa ya ɓaci, wane ne ya haɗiyi maɓalli, wane ne kuma ba a ba shi komai a gida ba tun jiya.

Mu ɗauki gam kawai, tunda kun ce yanka da liƙi ne aikin. Takardun da kuke kwafowa daga waya an rubuta su ne don ƙasashen da dogon hutunsu ke zuwa da rana da bushewa. Mu namu lesin ɗin hutu a tsakiyar damina yake faɗawa, lokacin marka, iyaye mata na gona ko suna dafa wa 'yan ƙwadago, a turo mana yara tun daga mai rarrafe har mai shekara biyar. A wannan lokacin in kika dama sitacin rogo kika shafa a kwali, sai ya kwana uku bai bushe ba, ya yi funfuna, kyankyasai su yi biki a kai. Gam na kanti kuwa yaro zai lashe shi kafin ki juya. Shi ya sa ƙaro muke jiƙawa tun ana gobe za a yi aiki, a tace shi da tsumma, a bar shi ya yi kauri kamar zuma. Yana kamawa ko gari da danshi, in yaro ya lasa kuma babu abin da zai same shi. Abin da Mama ta fara koya mini ke nan: duk abin da ni ba zan iya kai wa bakina ba, kada in ajiye shi gaban yaro.

Kala ma haka. Ja daga zoɓo, rawaya daga gangamau, baƙi daga gawayi. Shuɗi daga bular wanki muke samu, kuma da yake ita kaɗai ce ba a lasa, babba ne ke shafa ta, a shanya, sannan a miƙa wa yaro. Karan dawan da za a yi jirgi ko mota da shi a watan Agusta, tun kaka ake zaɓensa a ɗaure a rataye, don da damina ko na magani ba za ki samu busasshe ba. Sakaina wurin masu gyartai nake karɓowa ranar kasuwa, in zauna in goge bakin kowace a kan dutse har sai na shafa ta a kumatuna ban ji kaifi ba. Sannan duk abin da zai ratsa ta tsakanin babban yatsa da manuni in an haɗa su zobe, ba a ba ɗan ƙasa da shekara huɗu. Wace ce a cikinku ta taɓa jin wannan a kwaleji?

Sai iyaye. Su ne masu cinikinmu, kuma sun fi yaran wuyar raino. Akwai uban da zai tsaya bakin ƙofa yana faɗa don ɗansa mai shekara uku bai iya ƙirga ɗari ba. Akwai wanda in yaro ya koma gida da ɗan mutum-mutumin laka, gobe da sassafe za ki gan shi da wa'azi. Saboda haka Mama na da tambaya ɗaya da take yi kafin a fara kowane aikin hannu. Sai ta juya abin a tafinta, ta ce, "To, ina za shi kwana?" Nufinta, in ya bar ɗakin nan ina zai ƙare: bakin ƙanen yaron ne, ko cikin akuya, ko gaban wata tsohuwa da ba ta san daga ina ya fito ba. Abin da Mama ba ta san makwancinsa ba, ba ya ƙetare ƙofa.

Shekarar da zan ba ku labarinta ita ce wadda mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa cikin gari saboda 'yan bindiga. Ɗakin da muka saba da yara ashirin ya koma arba'in da wani abu. Kowa a tsorace yake, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ki ga manya sun zabura. Dangin Mama ma sun watse daga unguwarsu, babu wanda ya rage a can. A wannan shekarar ne Alhaji mai makarantar ya ɗauko mana sabuwar malama, Anti Fiddausi, ya tura ta bitar kwana uku a Katsina, ta dawo aka ce ita ce shugabarmu. Ta zo da tsarin lesin ɗin hutu a rubuce, mako-mako. Na farko sunansa makon teku.

Ranar Litinin ta tara yara ta ce, "Wa ya san teku?" Can wata yarinya ta ce babanta ya taɓa kai ta, har akwai masu wanki a bakinsa. Dam ɗin Mairuwa take nufi. Fiddausi ta nuna musu wata halitta a waya mai ƙafafu takwas, wadda mu ko suna ba mu da shi gare ta. Suka ce gizo-gizo ne, biyu suka fashe da kuka. Mama ce ta ceci ranar. Ta shimfiɗa wani shuɗin zani, ta kama gefe na kama gefe muna kaɗawa, yara na ratsawa ta ƙasa, tana ba su labarin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa, labarin da ita da mu duk muka tashi da shi. Ba zan yi ƙarya ba, makon ya fara da daɗi. Talata muka yi jiragen kara, muka cika baho da ruwa. Yaran da tun barowarsu ƙauye ba mu ji muryarsu ba, sai ga su suna hura jirgi suna ihu. Don haka kada wata ta ce da tekun nake gaba.

A ranar ne wani yaro ɗan shekara huɗu, Abba, sarkin tambaya, ya ja zanin Mama ya ce, "To mi ke cikin tekun na gaske?" Ta ce gobe za ta nuna masa. Ranar Laraba da safe sai ga ta da wani ƙullin tsumma. Ta kwance, ta fito da farin wuri, irin kuɗin da ɗin nan, shirye a zare ya kai kamu uku. Na kakarta ne. Ta gaya wa yara cewa wannan daga tekun gaske ya fito, wasu 'yan halittu ne suka taɓa zama a cikinsa kamar yadda dodon koɗi ke zama a katantanwa. Duk Faskari ba na jin akwai wani abu da ya taɓa ruwan teku in ba shi ba. Ta riƙe bakin zaren a hannunta, yara na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna shafawa, wasu na karawa a kunne. Da aka gama ta rataye shi a ƙusa can sama, inda hannun yaro ba ya kai.

Idon Fiddausi na kan zaren wurin. A takardarta aikin ranar shi ne a yi kifi a manna masa katantanwar bakin teku, ga shi ba mu da ita.

Ta ce, "Mama, ki ba mu mu yi ma kifin ado da shi mana."

Mama ta ce, "A'a ɗiyata. Wuri ba ya shiga gidan mutane a hannun yaro. Ke ba ki san garin ga ba."

"Ai canfi ne wannan, Mama. Irin shi muka zo kawarwa."

"Canfi ne, na sani. Amma masu canfin su ne iyayen ɗiyan."

Ana cikin haka wani ƙaramin yaro ya ɓata wandonsa, Mama ta ɗauke shi ta yi bayan ɗaki. Ina tsaye riƙe da kwanon ƙaro. Na ga Fiddausi ta hau benci, na ga ta ɗauki almakashi, na ji ƙarar wurin yana zuba a faranti, ban ce uffan ba. Satin da ya wuce Alhaji ya faɗa a gaban kowa cewa marasa takarda su riƙa sauraren masu takarda, ni kuma ina tsoron a ce ina baƙin ciki da yarinya. A duk shekarun da na yi ina aiki, wannan shirun ne na fi jin haushin kaina a kansa.

Mama ta dawo ta ga zaren kakarta a tsinke. Ta daɗe tana kallon farantin. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "To, kar wurin ya hita ɗakin ga." Ta kwashe ƙananan ta kai su ɗaya gefen, ta bar manyan su goma sha takwas, ta zauna a tsakiyarsu tana bin bakin kowa da ido. Ni na yanka sakainar siffar kifi, da jiki da wutsiya, na shafa bula. Kowane yaro ya manna wuri ɗaya a matsayin ido, biyar a jiki. Wallahi sun yi kyau. Sai Fiddausi ta ɗauki maka, alƙalamin nan mai kaurin baki da ruwa ba ya wankewa, ta bi tana rubuta sunan kowane yaro a bayan kifinsa. Da yake ba ta riga ta san yaran ba, daga rajista take kwafowa.

To ga inda gizo ke saƙar. Abba ba shi ne sunan yanka na yaron ba. Sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, Alhaji Isiyaku, kuma kun san a gidan babu mai iya buɗe baki ya kira wannan sunan gatsau, ga mai shi zaune. Tun ranar suna ake ce masa Abba. Shi kansa in kika ce Isiyaku ba zai waiwayo ba. Da ni na rubuta, Abba zan sa. Ita kuwa ta dubi rajista ta dangwara Isiyaku da manyan baƙaƙe.

Alhamis, dab da tashi, wata yarinya ta yi zazzaɓi, Mama ta goya ta ta kai wa uwarta. Fiddausi ta jera kifayen ta ɗauki hotonsu don ta tura wa masu bita, sannan ta fara cusa wa kowane yaro nasa a jaka. Na ce, "Mama ta ce kar su hita." Ta ce, "Takarda ta ce yaro ya kai ma iyayenshi su yaba. Mama ce shugaba ko ni?" Na sake yin shiru. Sau biyu ke nan, ku ƙirga mini.

Abin da ya faru a gidan su Abba, daga bakin uwarsa Sa'ade na ji shi daga baya. Kafin ya isa gida wutsiyar kifin ta karye a jaka, ya zama sakaina kawai mai ɗan tsawo. Anti Fiddausi kuma ta koya musu cewa kifi in ba ruwa mutuwa yake yi. Yaro ya ji tausayin kifinsa. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya taka, ya buɗe randar da ke ƙofar ɗakin kakansa, ya jefa shi, ya mayar da faifai ya rufe. Shi kuwa Alhaji Isiyaku wata biyu ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma daga wannan randar ake ba shi ruwa. Juma'a da safe matarsa Hajiya Yalwa ta ɗaga faifai za ta ɗebo masa. Ruwa ya yi shuɗi-shuɗi. Ƙaro ya narke, wuri shida sun kwanta a gindin randa, ga sakaina na yawo a sama ɗauke da sunan mijinta.

Ku faɗa mini, ku masu waya, wace tsohuwa ce a ƙasar nan za ta ga sakaina da wuri da sunan majinyacinta a cikin ruwan shansa ta ce kifi ne? Ihun da Hajiya ta yi ban ga laifinta ba. Abin da ya biyo baya ne ba zan yafe ba.

Kafin a tafi masallaci unguwa ta ɗauka. Wata maƙwabciya ta ce ai ɗiyarta ma ta dawo daga makaranta da irin abin. Maimakon wannan ya kwantar da hankali, sai ya ƙara wa wutar fetur. Kowace uwa ta zazzage jakar ɗanta, ta tarar da sakaina da wuri da sunan yaron a rubuce. Aka bi aka ƙone su. Kafin la'asar magana ta gama gari, wai Bamagujiyar makarantar nan tana tattara sunayen 'ya'yan mutane, kuma ita ta kwantar da Alhaji Isiyaku. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi matar da ba ta san alif ba ta rubuta suna goma sha takwas. Mata suka cika ƙofar makaranta suna zage-zage. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Akwai aƙalla huɗu a ciki da Mama ta wanke musu kashi da hannunta lokacin suna rarrafe.

Asabar mai unguwa ya kira mu zaurensa, da liman, da Alhaji mai makaranta, da Hajiya Yalwa da 'ya'yanta, ga jama'a maƙil a waje. Fiddausi ba ta zo ba. Wai ciwon kai ya kama ta, ta tafi Funtuwa ganin likita. An ajiye sakainar a tsakiyar tabarma, kowa na kauce mata kamar kunama.

Mai unguwa ya ce, "Wurin ga na wa ne?"

Mama ta ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

Waje ya ɗauki guna-guni. A nan dai na buɗe bakina, da ya kamata in buɗe tun ranar Laraba. Na faɗi wanda ya tsinka zare, na faɗi wanda ya rubuta suna, na faɗi cewa Mama ta hana har sau biyu, na faɗi cewa ni ina tsaye aka yi.

Hajiya ta katse ni. "Sunan mijina hwa? Wa ya ba ku sunan mijina?"

Na buɗe rajista na nuna wa liman sunan Abba na yanka. Ya duba, ya ce a kawo yaron. Aka shigo da Abba yana rarraba ido. Yana hango sakainar ya fizge hannunsa ya ruga ya ɗauke ta, ya dubi mutane a fusace ya ce, "Kihina ne! Wa ya hidda mani shi ruwa? Mutuwa zai yi!"

Liman ya yi dariya har sai da ya share ido da bakin rawani. Ya ce wasan yara ne, matar nan ba ta da laifin komai, kuma zato irin wannan zunubi ne, kowa ya je ya nemi gafara. Mai unguwa ya ce magana ta mutu. Hajiya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana gyara mayafi ta ce, "Yaro ai abin da aka sa shi yake hwaɗi."

Na koma gida ina murna, ni wawuya, ina cewa gaskiya ta yi halinta. Litinin yara tara suka zo. Talata bakwai. Iyaye suka aiko wa Alhaji mai makaranta cewa su sun yarda Mama ba ta da laifi, amma dai hankalinsu bai kwanta ba, muddin tana nan 'ya'yansu na gida. Daga duk abin da aka faɗa a zauren nan, kalma ɗaya ce ta zauna a kunnen gari, cewa wurin nata ne.

Ranar Laraba Alhaji ya kira Mama ofis, ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Mama, ni na san ba ki yi komi ba. Amma makaranta da yara take tsayuwa." Na ce, "Alhaji, in kora ce ai ga wadda ta tsinka zaren." Ya ce in masu duba makarantu suka zo takarda suke tambaya, kuma Fiddausi ce mai ita. Shekara talatin da ɗoriya matar nan ta yi a ɗakin. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki kofinta, ta zagaya da ni ta nuna mini wata ƙusa da ta fara leƙowa a gindin benci ta ce in buga ta kafin ta yagi wani. Ko tambayar ragowar wurin kakarta ba ta yi ba. A satin nan mai gidan da take haya shi ma ya ce yana son ɗakinsa. Ƙauyensu babu kowa, sai ta koma wurin 'yarta a Yankara. Litinin ta gaba ɗakinmu ya cika taf.

Kada ku ɗauka Fiddausi muguwa ce. Ba muguwa ba ce, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Yarinya ce mai fara'a, tana son yara, masu bita ma sun yaba hotunanta. Ta dawo tana cewa ita fa ba ta san abin zai zama haka ba. Ai dama ba ta sani ba! An gaya mata, ta ga mai gaya matan ba ta da takarda. Da shekara ta zagayo ta sami aikin ofis ta tafi abinta.

Sati ɗaya da 'yan kwanaki da tafiyar Mama, da rana tsaka bayan an tashi, sai ga Sa'ade uwar Abba ta shigo tana waige-waige. Ta ce tun da Mama ta tafi yaron ya ƙi abinci. A makaranta na lura, in an zuba masa sai ya juya kai, na ɗauka a gida yana ci. Ashe a gida ma sai an danne shi an ɗura masa kunu, rabi ya dawo. Ya rame, wuya ya fito, kullum yana tambayar ina Mama. Hajiya kuwa ta ce to ga shi nan, dama ta faɗa, matar ta shanye yaron. An yi masa hayaƙi, an ba shi rubutu, ba abin da ya sake.

Sa'ade ta ce, "Anti, don Allah, ya Mama take yi mashi yake ci? Ni ban iya zuwa wurinta, in Hajiya ta ji na kaɗe."

Kunya ta kama ni. Shekara da shekaru ina gefen Mama, amma lokacin cin abinci ni ina kan manya masu faɗa a kan cokali, ban taɓa lura da yadda take ba shi abinci ba. Yaro ya ƙaunaci wadda ta rene shi, an mayar da ƙaunar ta zama shaida a kanta, kuma yanzu ni za a aika in roƙo ta.

Na tafi ranar kasuwar Yankara. Na same ta a gefen 'yan daddawa, zaune gaban tire, tana tsare wa 'yarta kaya. Ta rame ita ma. Muka gaisa, na kasa kallon idonta, na dai faɗi abin da ya kawo ni, har da abin da Hajiya ke cewa. Na zaci za ta ce su je su ji da shi. Ni da ni ce, abin da zan ce ke nan.

Ta ce, "Kwana nawa ke nan?"

Na ce, "Ya kai sha biyu."

Ta buga tafi a cinya. "Sha biyu! Ke kau Binta sai yau kika zo? Yaron ga ba ya ci in ana kallonshi. Ki ce ma uwar ta zauna gehenshi, ba gabanshi ba, ta ba shi kahwaɗa. Ta aje kwanon tsakaninsu, ta fara ci da hannu tana kallon bango. Kar ta ce mashi ci, kar ta yabe shi in ya ci. A hidda kowa daga ɗakin. Zai sa hannu."

Na miƙe zan tafi, ta kamo bakin hijabina.

"Kar ki ce ni na ce. In suka ji daga bakina ne ba su yi, yaron kau yunwa yake ji."

Na gaya wa Sa'ade, na ce dabarata ce. A ranar Abba ya cinye tuwo malmala guda, ya nemi ƙari. Hajiya Yalwa ta ce alhamdu lillahi, hayaƙin ƙarshe da aka yi masa ne ya karya abin. Ranar Juma'a ta sa aka toya wainar sadaka aka raba unguwa, har ni aka aiko wa da tawa a kwano, da ƙuli-ƙuli a gefe. Na mayar da kwanon yadda ya zo.